Maɓalli Goma Sha Ɗaya

Na kai wa Baba Labbo famfo mai aiki da rana
a fadamar Kwalkwalawa, bakin Rima,
ranar Talata da hantsi.
Akwatinsa fari, maɓalli goma sha ɗaya,
da ɗan gilashi mai ƙyafta lamba.
Na tsaya tsakiyar fangalin albasa
ina zuba bayani kamar mai rabon gado:
wannan na ƙarfin ruwa, wannan na lokaci,
wannan in gajimare ya tare rana.
Shi ko yana ta to, to, madalla,
idonsa na kan akuyar da ta ƙetaro shinge.

Kwana tara na koma.
An lulluɓe akwatin da buhun taki,
tsohon injin fetur na tari a gefe,
yana shan kuɗin da na ce za su huta.
"Ɗana," ya ce, "wanga abu naka malami ne,
ni ko ban yi karatun zama gabanai ba.
In na taɓa nan, can shi yi hushi.
Tsoro nika ji in ɓata abin da ba ni iya biya."

Kunya ta kama ni, na ciro baƙin salatif,
na bi su ɗaya ɗaya ina liƙewa,
har gilashin ban ƙyale ba.
Biyu na bari: kore a tashi, ja a tsaya.
Ya danna kore da ɗan yatsa mai kaushi,
ruwa ya yi tsalle ya kama hanya,
tsoho ya yi dariya har hula ta zame.
Na hau babur ina yabon kaina
tun daga gada har Ƙofar Kware.

Sai bazara ta kama.
Rima ta ja zanenta zuwa tsakiya,
yashi ya cika bakin tiyo.
Kwana uku lamba tana ƙyaftawa
a ƙarƙashin abin da hannuna ya liƙa.
Ran na huɗu ƙauri ya tashi.
Fangali arba'in, albasa ta sunkuyar da kai.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.
Ya dubi ƙasa, ya tofar da goro:
"Ka ɗinke mata baki don kar ta dame ni,
to da ta yi ciwo, wa za ta gaya ma?
Jakina in ya gaji, ga kunne nika gani."
Rabin kuɗin gyara daga aljihuna ya fita,
ban gaya wa ogana ba.

Jikarsa Kulu, 'yar aji biyar,
ita ta sa farce ta ɓare gilashin.
Ta samo gawayi da murfin kwali:
huɗu, yashi ya shiga.
Bakwai, ruwa ya janye.
Kusa da bakwai ta zana kifi a kwance,
don kakan bai san bakwan boko ba.
Ta rataye a ƙayar bagaruwa.

Tun daga nan ba na ɓarewa sai ya tambaya.
Wani zuwan ba ya tambayar komai,
mu ci ɗanyen tumatir, in tafi.
Wani zuwan tun ban kashe babur ba:
"In ina son ta yi ban-ruwa ina masallaci fa?"
Sai in cire ɗaya, mu danna tare,
ya danna shi kaɗai sau uku, ina kallon gulbi.

Yau biyar a buɗe, shida a rufe.
Jiya ya nuna na can lungu, ya ce wanga fa?
Na buɗe takarda, na juya, na sake juyawa,
gumi ya sauko mini a wuya.
Kulu ta rufe baki da gyale.
Baba Labbo ya danne bakin salatif da babban yatsa
inda zafi ya fara ɗaga shi.
"Bar shi rufe," ya ce, "har ka koyo."